Hoton Kan Baba da Kaciyar Ɗana

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana, ko da yake yanzu na daina cika baki a kan mantuwa, don na ga yadda take shigowa gida ba sallama. Yaron har ya shiga makaranta, yana dawo mini da Turancin da ba na ganewa, amma duk ranar da safiyar nan ta faɗo mini a rai sai na ji kamar jiya aka yi.

Mahaifina wanzami ne. Gadon gidansu ne tun daga kakansa da ya biyo fataken goro ya zauna a Kumasi. A Zongonmu, wato unguwar Hausawa, da wuya ka sami magidancin da bai bi ta hannunsa ba, har Asantawan da ke maƙwabtaka da mu shi suke aika wa. A nan ba a jira yaro ya yi wayo kamar yadda muke ji ana yi a wasu wurare. Ranar suna da safe ake aski, a yi kaciya, a wuce wurin. Su kuwa wanzamai da hannu suke auna tsufa. Ran da hannu ya fara rawa, ran nan ake rataye zabira, wato jakar fatar da suke zuba kayan aikinsu. Baba ya haura saba'in amma hannunsa ko gezau. Har wata burga yake da ita: ya cika kofi da ruwa fal, ya ɗora a bayan hannunsa, ya ci gaba da hirarsa, ko ɗigo ba zai zuba ba. Duk wanda ya ce masa ya huta, kofin nan yake ɗauko masa.

Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba. Mu biyar ya haifa, duk mata. Muka yi aure muka shiga jero masa jikoki, su ma duk mata, har abokansa suna yi masa tsiya wai ya yi wa 'ya'yan duniya aiki, gidansa kuwa sai hujin kunne. Yana dariya, amma mu mun san abin yana taɓa shi. To ina da cikina na uku aka yi mini hoton ciki aka ce namiji ne. Da na faɗa masa, sai ya tashi ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci, "wannan da hannuna zan yi masa. In na yi shi, ko a ranar Allah ya ɗauke ni ban yi asara ba." Na ji daɗi har cikin raina, ban kawo komai ba.

Cikina yana wata bakwai, ina zaune a rumfata ta atamfa kusa da kasuwar Race Course, sai ga wata tsohuwa da ke sayen kaya a wurina, daga unguwar Sofoline take. Ba ta ko taɓa kaya ba. Ta tsuguna kusa da ni ta yi ƙasa da murya ta ce Baba ya yi wa jikanta kaciya, ya ɗaure, ya ce zai dawo ranar uku ya kwance, yau kwana biyar ba su gan shi ba. Sun aika gida sau biyu an ce ya fita. Yaron kuma tun jiya bai yi fitsari ba.

Na ce, "Ba ku kwance ba?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Ɗaurin wanzam? Wa zai taɓa?"

Gaskiyarta. Haka muka taso muka tarar: abin da wanzami ya ɗaure, shi kaɗai yake kwancewa, ko uwar yaro ba ta sa hannu. Ni kaina na sha jin Baba yana jan kunnen masu jego a kan haka. Na bar wa maƙwabciyata rumfa, muka tari tasi. Abin da na gani a gidan nan ba zan bayyana shi duka ba. Wurin ya kumbura har ƙyallen ya nutse a ciki, cikin yaron ya yi tauri, kukan ma ya daina fita sosai. Uwar yarinya ce ƙarama, haihuwar fari, tana rungume da shi tana kallon ƙofa, har a lokacin Baba take jira. Na daka musu tsawa na ce su tashi mu tafi asibiti. Allah ya taimaka aka warware, yaro ya saki fitsari, ya tsira da lafiyarsa. Amma nas ɗin ta wanke mu tas, da Twi, harshen Asantawa, da Turanci, ta ce da an ƙara kwana ɗaya da wani labarin ake yi, ta ce wane marar imani ne ya ɗaure jariri ya tafi abinsa. Ni da ba a faɗa mini na yi shiru, ranar kaina na ƙasa, ban ce mata ubana ne ba.

Daga can gidanmu na wuce, raina a ɓace. Na tarar da shi a ƙofar ɗaki yana wasa aska. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Baba, me ya hana ka komawa Sofoline?"

Ya ɗago ya ce, "Sofoline? Wurin wa? Rabona da Sofoline tun kafin azumi."

Na san Baba in yana kare kansa, na san shi in yana wasa. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Fuskarsa tas, da gaske yake tambayata. A nan ne fushin ya tafi, tsoro ya zauna a wurinsa. Na kwatanta masa gidan, da tsohuwar, da ragon da aka yanka. Can ya ce wataƙila wani wanzamin ne aka ce shi ne, ya ci gaba da wasa askarsa.

Mma, mahaifiyarmu, tana madafi tana jin mu. Ta yafito ni. Da na shiga sai ta jawo bakin gyalenta ta nuna mini ƙulli uku a jere. Ashe kusan shekara guda ke nan ita ce take riƙe masa ranaku. Duk gidan da ya yi aiki sai ta ƙulla ƙulli, ran komawa ta ce, "Malam, yau fa gidan wane," in ya je ya dawo ta kwance. Ita take shirya masa zabira, ta ware sabuwar reza daga wadda aka yi aiki da ita, don ta taɓa kama shi ya mayar da tsohuwa cikin sababbi. Satin da aka yi aikin Sofoline ta tafi ta'aziyya Tamale, babu wanda ya ƙulla.

Ni dama bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci. Na ce, "Mma, shekara guda? 'Ya'yan mutane kike ƙullawa a bakin gyale?" Ta ce rufin asiri take yi masa, in aka ji wanzami ya fara mantuwa wa zai sake kiransa, mutumin da bai san komai ba sai aska. Na ce, "Nawa ɗan ma a gyalen za ki ƙulla shi?" Ta fashe da kuka. Har yau ina jin nauyin maganar nan, don ba mugunta ce ta sa ta ba, shekara arba'in da wani abu take kare mutumin nan. Amma a ranar ko a jikina.

Maigidana makanike ne a unguwar Oforikrom, Bamoshe ne ba Bahaushe ba, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kuma ba ya kwana-kwana. Da na ba shi labari ya ce, "Mamanki ya sani, ya ɓoye. To ni yarona asibiti za shi, finish." Na ce ya yi tunani: jikan wanzami, namiji na farko a gidan, a kai shi asibiti? Kafin azahar duk Zongo ta ji, kuma kowa zai san dalili. Ya ce, "Babanki kunya zai ji. Yarona fa, mene zai ji?" Na roƙe shi ya ba ni lokaci na san abin da ke damun Baba tukuna, ya ce yana ba ni har ran da na haihu.

Baba yana da hawan jini, yana zuwa karɓar magani. Da wannan na fake. Na raka shi, na riga shi shiga na faɗa wa likitar komai. 'Yar Asante ce, ba ta da hayaniya. Da ya shigo suka gaisa da Twi, don Baba ya fi wasu 'yan garin iya shi, tana ce masa Nana, yadda suke kiran dattijo don girmamawa. Ta faɗa masa abubuwa uku ta ce ya riƙe, za ta tambaye shi an jima: kujera, lemo, akuya. Ya yi dariya ya ce shi da ya riƙe sunayen gidajen Zongo kaf. Ta ba shi takarda ya zana agogo, ta sa shi lissafi da baya, ta tambaye shi aikinsa, ya shiga ba ta labarin kakansa da fataken goro dalla-dalla, har da sunayen zangon da suke yada kaya. Can ta ce, "Nana, abubuwa ukun nan fa?"

Ya ce, "Akuya." Ya tsaya. Ya dubi rufin ɗakin, ya dube ni. Lemon nan yana bakina kamar na tofa masa. Sai ya ce a ba shi kofi da ruwa. Ta ba shi, ya ɗora a bayan hannu, ya miƙa mata. Ruwan bai motsa ba. Ta yaba sosai, sannan ta ce hannun lafiya lau, amma tana so a ɗebi jininsa, kuma a ɗauki hoton cikin kansa, don akwai abubuwan da ke kawo mantuwa waɗanda ake magancewa, gara a duba da wuri. Ya ce shi da yake yi wa mutane ƙaho a ƙeya in kai ya dame su, yau shi za a leƙa wa kai? Na ce, "Baba, don abokinka da ke tafe." Ya kalli cikina ya ce to.

Ranar hoton ni da Mma muka raka shi. Ma'aikacin wurin ya yi bayani cewa injin babban maganaɗisu ne, ƙarfe ko na allura ba ya shiga ɗakin. Ya tambayi Baba ko an taɓa sa masa ƙarfe a jiki, ko yana da wani a tare da shi. Baba ya cire agogo da zobe, ya zazzage aljihu, ya ce shi ke nan. Aka ba shi wata riga mai faɗin hannu ya sa a bayan labule. Ni an ce mai ciki ta tsaya daga waje. Har ya kama hanyar ƙofar, ya ɗaga hannu zai gyara wuyan rigar, sai na hango baƙar fata a damtsensa.

Kambunsa ne. Tun ina yarinya nake ganinsa har na daina ganinsa. Mahaifinsa ne ya ɗaura masa ran da ya ba shi zabira, kuma duk gidanmu an san abin da aka ɗinke a ciki: guntun askar kakansu. Ban san sanda na yi ihu ba, "Ku tsaya! Akwai ƙarfe!" Ma'aikacin ya sha gabansa da gudu. Da aka faɗa masa ko mene ne, sai da ya dafe kai. Baba kuwa ya ce ai wannan ba ƙarfe ba ne, kambu ne, kuma rabonsa da barin jikinsa tun kafin a haife ni, shi ne yake tsayar masa da hannu. Ya ce in sai an cire, to a bar hoton, ya juya zai ɗauki rigarsa. Mutane na jira a layi, ma'aikacin yana duba agogo yana cewa in ba za a yi ba a ba wani. Na ji kamar na kurma ihu a karo na biyu. In ya fita daga wurin nan na san ba zai sake dawowa ba, ni kuma saura mini sati shida.

Mma ce ta fitar da mu, ita da na yi wa rashin kunya. Ta matsa kusa da shi ta ce, "Malam, ba ni na riƙe maka. A hannuna zai zauna, ba zai taɓa ƙasa ba." Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙa hannun. Kambun ya kama nama, sai da aka kawo sabulu da ruwa ta yi ta murzawa a hankali kafin ya sauko. Wurin ya yi fari sol, siriri, kamar ba jikinsa ba. Aka shiga da shi. Muna zaune muna jin injin yana bugawa kamar ana daka a turmin ƙarfe, Mma ta rungume kambun da hannu biyu tana salati, ɗan cikina yana ta harbi. Wajen rabin awa aka yi kafin a fito da shi.

Bayan kwana huɗu muka koma wurin likitar. Ta juyo mana da allon kwamfutarta. Ni dai abin da na gani kamar an raba goro biyu ne, fari da toka-toka. Ta nuna wasu fararen ɗige-ɗige ta ce wannan sawun hawan jini ne, ya daɗe yana taɓa ƙananan jijiyoyin jini. Ta nuna wani ɗan lungu ta kowane gefe ta ce nan ne mutum yake ajiye sabon abu, abin da aka faɗa masa ɗazu, inda ya je jiya, kuma nasa ya fara raguwa fiye da yadda shekarunsa suka isa su sa. Ta ce hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, amma in aka haɗa da gwajin da ta yi masa da abin da muka faɗa, farkon ciwon mantuwa ne. Ba hauka ba ne, ba sammu ba ne. Ba ta da maganin da zai mayar da abin da ya tafi, amma in aka riƙe jinin da kyau ana iya rage masa gudu, kuma an yi sa'a an gani tun yana iya tsara al'amuransa da kansa.

Baba ya sa tabarau ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya ce, "Hannun fa?" Ta ce abin da hannu ya koya tun ƙuruciya yana daɗewa bai tafi ba, zai iya shekaru yana riƙe kofinsa. Ya ce to ai shi ke nan, aiki da hannu ake yi. Ta ce, "Nana, yankan minti nawa ne?" Ya ce bai kai ɗaya ba. Ta ce, "Kula da yaron fa, har ya warke?" Ya ja da baya daga allon. A nan na ba shi labarin Sofoline tun daga farko, har da abin da nas ta ce, ban rage komai ba. Mma ta kwance bakin gyalenta ta nuna masa. Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya tsufa ba sai a kujerar nan.

Kwana uku bai fita ko'ina ba sai masallaci. A na huɗu ya aika na zo. Bayan la'asar ne, Mma tana zaune. Ya ce ya ajiye aska. Akwai wani da ya koya wa aiki shekaru da yawa, shi ma yanzu da furfurarsa, har horon asibiti ya yi, shi zai yi wa ɗana, shi kuma zai karɓi gidajen da suka saba kiran Baba. Ya ce a bari sai bayan suna ya sanar da mutane da bakinsa. Na yi kuka, na gode masa, na koma na faɗa wa maigidana. Mma ta ɗauke zabirar ta sa a ƙasan akwatinta. Na ɗauka magana ta ƙare.

Na haihu lafiya, namiji kamar yadda aka ce. Ranar suna tun da aka idar da asuba tsakar gidan aurena ta cika, maza a kan tabarmi, malamai a gaba, ana raba goro. Mutumin da Baba ya zaɓa ya zo da wuri da kayansa ya zauna daga gefe. Ina ɗaki da jariri, ina leƙe ta labule. Aka yi addu'a, aka raɗa suna. Sai ga Baba ya shigo cikin farar babbar riga, fuskarsa kamar ango, zabira a kafaɗarsa. Ashe ya buɗe akwatin ya ɗauko ta tun Mma tana wurin girki.

Ya ce, "Ina abokin nawa? A fito mini da shi, rana na yi."

Mutane suka hau yi masa barka, wani tsoho yana cewa yau dai wanzami zai ci tuwon gidansa. Wanda aka zaɓa ɗin ya miƙe tsaye ya sunkuyar da kai. Ba zai iya buɗe baki ba, don wanda ya koyi aiki ba ya zare aska a gaban maigidansa sai an ce masa bismilla. Mma ta daskare da ludayi a hannu. Na ga maigidana ya taso ya nufo ƙofar ɗakina, muƙamuƙinsa a ɗaure, na san in ya riga ni buɗe baki, a gaban malaman Zongo zai faɗe ta, da Hausarsa da ba ta san lauje ba. Mai jego ba ta fita cikin maza, amma ba a hana ta magana ba. Na ɗaga murya na ce, "Baba, shigo ka gan shi tukuna."

Ya shigo yana murmushi, Mma ta biyo shi ta saki labule. Maigidana ya tsaya a bakin ƙofa. Baba ya ajiye zabira, ya nannaɗe hannun riga, ya miƙo hannu biyu. Na ƙanƙame yaron har ya yi ƙara.

Ya ce, "Uwata, ba ni shi."

Na ce, "Baba, ba kai za ka yi ba."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya zame. Ya ce, "In ji wa?" Ya waiga ya kalli maigidana. Muryarsa ta fara hawa, irin hawan da in ta kai waje shi ke nan. "A gidan nan akwai wanda ya isa ya hana ni jikana?"

Na ce, "In ji kai, Baba."

Nono yana zuba a rigata, na shiga faɗa masa. Asibiti, hoton kansa, fararen ɗige-ɗige, yaron Sofoline. Abin da na ɗauka sau ɗaya zan yi a rayuwata, na sake yin sa, ina kallon maganar tana shigarsa sabuwa fil. Ya zauna a bakin gado. Ya ce ya tuna ƙarar injin, ya tuna sabulu a hannunsa. Ya ce, "Yaron can, yana raye?" Na ce yana raye, lafiyarsa ƙalau. Ya ce, "Kuma ni da bakina na ce na ajiye?" Na ce da bakinka, bayan la'asar, Mma na zaune. Ya kalli Mma, ta gyaɗa kai, hawaye na bin fuskarta.

A waje an fara gyaran murya, ana tambayar ko lafiya. Zabirar tana kusa da ƙafarsa, hannunsa yana kan gwiwa, ko motsi ba ya yi, kuma na san da zai ce a ba shi kofi ya fita da shi tsakar gida, duk mutanen nan bayansa za su bi, ni ce zan zama 'yar da ta tozarta ubanta ranar farin cikinsa. Na riga na yanke a raina ko hakan ta faru ba zan saki yaron ba.

Sai ya ce, "To wancan da ya faɗa ya fi ni sanin abin da ake ciki. Ku bi tasa."

Ya sauke hannun rigarsa, ya ɗauki zabira, ya fita. Ina jin sa ta labule. Bai ce ya gaji ba, bai ce ido ne ba. Ya ce, "Jama'a, kaina ya fara zuba. Likita ta nuna mini a hoto, na gani da idona. Hannu na nan, amma ba na riƙe jiya. Daga yau wanda ke da aiki ga wanda zai kira." Ya miƙa wa mutumin zabirar ya ce, "Bismilla." Sai wani malami ya ce Allahu akbar a hankali. Baba da kansa ya zauna a kan turmi ya riƙe jikansa a cinya aka yi aikin, maigidana yana tsugune a gefensa. Da yaron ya tsala kuka Baba ya ce, "Yi haƙuri abokina, ni ma yau an yi mini tawa."

Da mutane suka watse ya leƙo ɗakina ya ce, "Uwata, in na sake mantawa ki sake faɗa mini. Kada ki ji kunyata." Na sake faɗa masa kuwa, ya fi sau biyar a shekara biyun da suka biyo baya, duk sanda ya ji an yi haihuwa a unguwa ya tashi neman kayansa. Kowane karo sai ya tambaya ko da bakinsa ya faɗa, na ce e, ya koma ya zauna. Daga baya ya daina tambaya. Yanzu yana nan tare da Mma, yana shan maganinsa, wani lokacin ya gane ni, wani lokacin ya ɗauka mahaifiyarsa ce da gaske.

Hoton nan bai warkar da Baba ba. Abin da ya yi mana shi ne ya sa muka tambaye shi tun yana iya ba da amsa, ya yanke wa kansa hukunci da hankalinsa, mu kuma muka riƙe masa. Da mun ci gaba da rufa-rufa don kada a ji, da wata rana a kan ɗan wani za a ji, ko a kan nawa. Abin da na koya shi ne, in tsohonka ya fara mantuwa, kada ka tsaya kare masa suna, ka kai shi a duba tun da wuri, ka faɗa masa gaskiya, kuma ka shirya sake faɗa masa ita duk ranar da ya nema, ko da kowane karo sai ka yi kuka.